Gogen Turawan nan da muka sa muku

Masu sauraro, na Njamena da na Kuseri, da ku da ke rugage a bakin Logone. Saƙonni sun yi yawa kan kiɗan da muka sa makon jiya, har wasu na cewa a cire shi, a dawo mana da gogen Garba Liyo. To, ku tsaya ku ji tukuna.

Wani Bature, Michael Haydn, ne ya tsara shi wajen 1761, lokacin yana yi wa wani bishop aiki a garin da yau ake kira Oradea, a Romaniya, dab da iyakar Hangari. Abin kiɗan nan mai kaurin murya sunansa biyola, goge ne mai tsarkiya huɗu. A zamanin, da hanjin tumaki ake murɗa tsarkiyar, abin gogawar kuma izgar doki ce, irin ta gogenmu. Makiyaya, kun ga da hannunku a ciki.

A taron makaɗa biyola 'yar amshi ce, ba a cika jin ta ba. Haydn ya fito da ita gaba, ya haɗa ta da ogan, wato kayan kiɗan coci mai bututu da ake dannawa. Ta faɗa, ya mayar, sai ka ce ciniki a kasuwar Dembe: wannan ya taya, wancan ya ce albarka.

Kashi uku ne, ni dai na biyun, mai tafiya a hankali, ya fi kama ni. Shi za mu maimaita ranar Juma'a bayan la'asar, Garba Liyo ya biyo baya. Ku gwada su da kunnenku, ku aiko mana.