Kasuwar kwalliya tana bunƙasa, wa ke biyan kuɗin?



Bari in fara da lissafi. A shekarar 2023, kamfanin L'Oréal na Faransa, wanda ya fi kowane girma a sana'ar kayan kwalliya, ya yi cinikin sama da yuro miliyar 41. In an juya shi zuwa sefa, ya kai kusan miliyar dubu 27. Kamfani guda ke nan, da hoda da jan baki da turare da man shafawa, amma cinikinsa ya ninka kasafin kuɗin Nijar sau da yawa. Saboda haka kar kowa ya ce mini maganar kwalliya hirar mata ce kawai.

Kasuwar nan tana bin mai saye, kuma mai saye yana iya juya ta. A 2017 mawaƙiya Rihanna ta fito da Fenty Beauty da hodar fuska launi 40, har da na baƙar fata wuluk. Da aka ga yadda mata baƙaƙe suka yi rububin saye, sauran kamfanoni suka bi sahu. A 2020 kuma, bayan suka ta yi yawa, Unilever ya sauya sunan mansa Fair & Lovely zuwa Glow & Lovely, ya cire kalmar da ke nufin farar fata.

To mu nan fa, me ake kawo mana? Bara ƴar kawuna ta shiga shirin aure. Ta ba wata mai haɗi jika goma, aka cuɗa mata mai a roba, babu suna, babu takarda. Wata biyu ta yi fari ƙal, ana ta yaba ta. Yau kumatunta sun ƙone, gaɓoɓin yatsunta sun yi baƙi, ko rana ba ta iya shiga.

Abu uku aka fi zubawa a irin wannan haɗin. Hydroquinone, in an daɗe ana shafawa, yana barin baƙin tabo mai wuyar fita. Kortikoyid yana sa fata ta yi siriri har ta tsattsage. Makuri kuwa yana lalata ƙoda, yana kuma cutar da jaririn da ke ciki. Tarayyar Turai ta hana hydroquinone a man shafawa tun 2001, Kodibuwa ta hana man bilicin a 2015. Abin da wasu suka kora daga shagunansu, shi ake tallata mana a WhatsApp da TikTok.

Samari, ku ma da ku nake. Muddin muna cewa sai fara za mu aura, wallahi mu ne ƴan tallar mai haɗi, ba tare da an biya mu ko dala ba.

Abu uku nake roƙo. Duk man da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, kar mu saya. Mu matsa wa hukumomin kiwon lafiya da duwan su riƙa binciken kayan da ke shigowa kasuwanninmu. Sannan mu duba abin da ke hannunmu: man kaɗanyar da matan yankin Gaya ke yi, irinsa manyan kamfanoni ke saye da arha daga Afirka ta Yamma, su zuba a kwalba su sayar da tsada. Mai sarrafa shi a nan gida, mu saya a wurinta.