Ragar masunta da filin toka: jawabi a taron reshe, Tudun Wada



An nemi mu faɗi yadda ƙungiyar ƙwallon raga ta yaran ƙauyen da muke koyarwa ta samo asali. Mu malamai ne da ke kwana a Tudun Wada, mu bi hanyar Jos kowace safiya, mu wuce Dakace, mu gangara gefen Galma. Abin da ya fara damunmu rajista ce. Da zarar yaro ya kai aji biyar sai sunansa ya fara tara jan biro: yau yana lambu, gobe ya bi yayansa acaɓa cikin gari, jibi kuma ba labari.

Ƙwallon ƙafa muka fara tunani, amma ina fili? Duk inda ido ya kai masara ce. Sai ɗayanmu ya tuna abin da aka koya mana a Kwalejin Ilimi ta Tarayya nan Zariya, a darasin motsa jiki da muke ɗauka na cika maki ne kawai: filin ƙwallon raga mita 18 ne a tsawo, 9 a faɗi. Murabba'in mita 162 ke nan, bai kai rabin fuloti ba. Muka auna da igiya, muka ja layi da toka. Turaku biyu na itacen turare muka kafa, raga kuwa tsohuwar koma ce da wani masunci ya ba mu. Ƙa'ida ta ce tsayinta mita 2.43 ga maza, 2.24 ga mata; tamu tsakiyarta tana lotsawa har ɗan aji uku ya leƙa. Da ƙwallon ƙafa muka fara bugawa, yara suka koma gida da kumburarrun hannuwa, iyaye mata suka aiko mana da saƙon da ba za mu maimaita a nan ba.

Ba mu ji kunyar wannan mafari ba, domin shi ma wasan malami ne ya ƙirƙiro shi. William Morgan, mai koyar da motsa jiki a garin Holyoke na Amurka, shi ya tsara shi a 1895 don mutanen da ƙwallon kwando ya yi wa tsanani. Sai a 1964, a Tokyo, ya shiga gasar Olamfik.

Doka ɗaya muka kafa: wanda bai zo aji da safe ba, ba zai taɓa ƙwallo bayan La'asar ba. Sauran aikin wasan ne ya yi da kansa. Mutum shida ne a kowane ɓangare, taɓawa uku kawai suke da ita, kuma ba ka buga sau biyu a jere. Muna da wani dogon yaro mai ji da kansa, wanda ya yi makonni yana fushi kafin ya gane cewa dukan da yake taƙama da shi ba ya yiwuwa sai gajeren da yake rainawa ya ɗaga masa. Ga kuma juyawa: kowa sai ya zagaya ya tsaya a layin baya ya yi bugun farko, idon jama'a a kansa. Mun ga yaran da ba su taɓa ɗaga hannu a aji ba sun tsaya a wannan layi.

Batun 'yan mata ya fi ɗaukar lokaci. Sai da malama ɗaya ta bi gida gida, aka yarda bisa sharaɗi: cikin harabar makaranta, da hijabi da dogon wando, ita ce a kansu, kuma a tashi kafin Magariba. Muna ganin iyayen sun yi daidai da suka tambaya, mu ma mun yi daidai da ba mu yi gaggawa ba. Yau waɗanda suka fara da komar masunta suna sakandare, su ne ke horar da ƙannensu, kuma ƙauyukan maƙwabta sun fara aiko mana da goron gayyata.

Yanzu ga abin da ya kawo mu. Makarantar ba ta da katanga, gari kuma yana matsowa. A daminar da ta wuce mun tarar da turakun masu awon fuloti taku kaɗan daga layin tokarmu. Muna roƙon reshe ya rubuta wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma a shata iyakar makarantar a rubuce, dagaci da kwamitin iyaye su sa hannu. Muna kuma neman malamai biyu, mace da namiji, da za su riƙa karɓarmu ranar Asabar, domin idan aka yi wa ɗayanmu canjin wurin aiki babu mai riƙe usur. Takardar suna tana hannun sakatare a bakin ƙofa.