AYA TANA BA DA KUƊI, AMMA TANA CIN GONA

Ga jawabin da malamin gona ya yi ma manoma a makarantar yaƙi da jahilci, bisa noman aya.

Malamin ya fara da cewa a Nijar babu inda ake noman aya kamar jihar Maraɗi, wajen Agye da Gazawa da Madarumfa. Aya tana son jigawa, ƙasa mai rairayi wadda ruwa ba ya kwanciya cikinta. Ana shibka ta in damana ta zauna. Cikin wata 3 zuwa 4 ta ƙosa. Tana fidda fure a bisa, amma ba can ɗiyan suke ba. Suna cikin ƙasa, ga saiwa. Shi ya sa aya ba ta mutuwa kamar hatsi. Wadda aka manta cikin ƙasa, da ruwa ya faɗi baɗi sai ta tsiro, ta zama haki cikin gona.

Ya ce kowa ya san aya da kuɗi. Ƴan kasuwa suna kai ta Najeriya. Wata ma tana ƙetare teku har Ispaniya, inda mutanen Balansiya suke niƙa ta su sha, kamar kunun aya na nan. Mai aya ba ya gaggawar saida hatsin rumbunsa.

Daga nan ya zo ga abin da ya tara su. Ya ce a duba yadda ake tonon aya. In ganye ya bushe, sai a sa mashi wuta. Sa'an nan a tone ƙasar gona duka, a tankaɗe ta da rariya don a fidda ɗiyan. In an gama, me ya rage? Babu kara, babu haki, babu saiwar da za ta riƙe ƙasa. Sai tulin rairayi nan da can. Kuma daidai lokacin ne iskar hunturu ke tasowa. Ita ke kwashe ƙasa mai laushi, wadda ita ce ƙarfin gona, ta bar ma manomi tsabar rairayi. Wanda ya maimaita aya wuri guda shekara bisa shekara, zai ga yana ƙara takin zamani, buhunan aya kuwa suna raguwa.

Malamin bai ce a bar noman aya ba. Ya ce da an gama tono, a baje tulin ƙasa, kada a bar shi har bazara. A shimfiɗa karan hatsi bisa fili. A kai takin bisashe. In makiyayi ya yarda ya kwana da garkensa a gonar, ya fi. Baɗi kuma a shibka hatsi da wake a wurin. Hatsi zai ci sauran takin da aya ta bari, wake ya ƙara ma ƙasa ƙarfi.

Ya ja kunne ƙwarai bisa wuta. Tun wajen 1984 manoman Maraɗi suka fara sassaben zamani, suna barin ƴan gawo da kalgo su girma cikin gona. Wutar aya tana iya kashe ɗan iccen da aka yi shekara 3 ana reno. Kafin a kunna, a share kewayen kowane icce.

Wata mata ta tambaya, me ya sa kunun aya ke saurin tsami? Ya ce zafi ne da dauɗa. A wanke aya sosai, a tsince tsakuwa, a jiƙa ta, a niƙa, a tace da ruwa mai tsabta. In babu ƙanƙara, a yi daidai na shan yini guda. Wanda ya kwana, kada a ba yara.

Wani dattijo ya ce bara ayarsa ta yi baƙi cikin buhu, dillali ya karya mata kuɗi. Malamin ya ce ɗanya ya ɗura. A shanya ta bisa tabarma, ana juyawa, har sai ta yamutse, tiya tana ƙara in an girgiza. Buhu kuma a aza shi bisa itace, kada ya taɓa ƙasa.