Jawabi A Kan Maganin Rage Ƙiba Da Abin Da Ke Biyo Bayan Daina Shi

Jawabin yau ya shafi wata tambaya da likitoci suka saba ji daga bakin waɗanda suka sha maganin rage ƙiba, watau irin maganin nan mai danne sha'awar abinci, wanda ba a bayar da shi sai da takardar likita. Mutum zai sha magani wata uku ko wata shida, ya faɗa, tufafi su yi masa yawa har ya kai wa tela ya rage. Sa'an nan ya daina, kafin shekara ta zagayo sai ga teɓa ta komo, wani lokaci har da riba. Nan ne zai tambaya, shin maganin ne jabu, ko kuwa shi ne ya kasa kame bakinsa? Abin da binciken likitoci ya nuna shi ne, galibi babu laifin ko ɗaya daga cikin biyun. Maganin yana aiki muddin yana cikin jiki. Ran da ya fita aikinsa ya ƙare, jiki kuwa ya shiga neman abin da aka raba shi da shi.

Maganar ta shafi ƙasar nan ƙwarai. Binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar cikin 2018 ya gano cewa kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, abin kuma ya fi yawa a birane. Tun da can ana ɗaukar ƙiba alamar wadata da kwanciyar hankali, har yau ma akwai 'yan mata masu shan abin da ake kira sha-ka-fashe don su cika ido. Amma ƙiba idan ta yi yawa ita ke share wa hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa hanya. Likita yana da lissafin da yake yi: ya ɗauki nauyin mutum da kilo, ya raba shi da tsawonsa da mita sau tsawonsa. Idan amsar ta kai 30, ƙiba ta zama cuta. Mai tsawon mita 1.7 yakan kai wannan matsayi idan nauyinsa ya yi kilo 87. Irin wannan mutum aka yi wa waɗannan magunguna, da kuma wanda lissafinsa ya kai 27 idan yana tare da hawan jini ko ciwon sukari. Ba a yi su don amaryar da ke so rigar biki ta zauna mata ba.

Tarihin magungunan bai da daɗin ji. Na farko da suka yaɗu dangin amfetamin ne, watau ƙwayar nan mai hana barci, wadda aka gane daga baya tana kama mutum ya kasa rabuwa da ita. Cikin 1959 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da fentamin, wanda ake sayarwa a wasu ƙasashe da sunan Duromine ko Adipex-P, amma don sha na 'yan makonni kawai, abin da likitoci suka fassara da mako 12. An janye fenfuluramin cikin 1997 don yana lalata 'yan ƙofofin zuciya. An janye sibutiramin, watau Reductil, cikin 2010 don ya ƙara yawan bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. An janye lokasarin cikin 2020 saboda haɗarin ciwon daji. Abin lura a nan, tun cikin 1992 wani likita na Jami'ar Rochester a Amurka, Michael Weintraub, wanda ya bi marasa lafiya shekara huɗu yana ba su fentamin haɗe da fenfuluramin, ya ba da rahoton cewa da aka tsai da maganin nauyinsu ya komo dab da inda ya tashi. Jama'a suka riƙe labarin ramewar, suka manta da na komowar.

Daga baya aka sami sababbin magunguna na allura, waɗanda ke kwaikwayon wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci don ya sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Mafi suna a cikinsu semagulutaid ne, wanda ake yi sau ɗaya a mako, ana sayar da shi da sunan Wegovy don ƙiba, da Ozempic don ciwon sukari. Ƙarfinsa ya wuce na magabatansa nesa ba kusa ba. A wani gwaji da aka buga cikin 2021, wanda aka yi da mutum 1,961, waɗanda aka yi wa allurar har mako 68 sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, alhali waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a cikinta kashi 2 da ɗan ɗoriya suka rage. To, amma masu binciken ba su tsaya nan ba. Suka ci gaba da bin mutum 327 daga cikinsu har shekara guda bayan an daina allurar. Cikin wannan shekara, kashi biyu cikin uku na nauyin da aka zubar ya komo. Mai kilo 100 wanda ya sauka zuwa 83 sai ga shi ya hau zuwa 94. Daɗin daɗawa, hawan jini da sukarin jini da suka sauka su ma suka juya suka nufi inda suka fito. Haka aka gani da tizefataid, watau Mounjaro ko Zepbound, a gwajin da aka buga cikin 2023: bayan mako 36 mutane sun rage kashi 21 cikin 100, waɗanda suka ci gaba da allura suka ƙara rage kashi 5 da rabi, waɗanda aka tsayar musu kuwa suka ƙaru da kashi 14 cikin shekara guda.

Dalilin haka yana cikin halittar jiki. Kitse shi ne rumbun jiki, abin da yake ajiyewa don shekarar fari. Magidanci idan ya leƙa rumbu ya ga hatsi ya yi ƙasa, abu biyu yake yi: ya rage awon gida, ya kuma bazama neman ƙari. Jiki ma haka yake yi, bai kuwa san bambanci tsakanin yunwar fari da ramewar da mutum ya nema da kuɗinsa ba. Cikin 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano wani sinadari mai suna leftin, wanda kitse ke aikawa cikin jini ya gaya wa ƙwaƙwalwa yawan abin da ke ajiye. Cikin 1999 masana a Japan suka gano girelin, wanda ciki ke fitarwa ya ta da yunwa. Idan mutum ya rame, leftin ya ragu, girelin ya ƙaru. Likitoci a Melbourne ta Ostareliya sun auna waɗannan sinadarai a jikin mutum 50 da aka sa wa tsananin ƙa'idar abinci mako 10, suka buga sakamakon cikin 2011: shekara guda bayan ramewa, sinadaran ba su koma daidai ba, mutanen kuma suna jin yunwa fiye da yadda suke ji kafin su fara. Wancan shi ne neman ƙari. Rage awo kuwa shi ne, jikin da ya rame yakan ƙona abinci ƙasa da abin da ya kamaci girmansa, ko yana zaune ko yana barci. Wani lissafi da masana a Amurka suka buga cikin 2016 ya nuna cewa kowane kilo guda da aka zubar yana ƙara wa mutum yunwar kimanin kalori 100 a yini, yana kuma rage abin da jiki ke ƙonawa da kalori 20 zuwa 30. Wanda ya zubar da kilo 10, kullum jikinsa na roƙonsa abincin da ya kai cin rana guda na ƙari. Magani ne ke toshe wannan roƙo. Da an ɗauke shi sai a ji muryar tangaran.

Mai azumi ya san ɗan ƙaramin misalin wannan, gama abin da ya zube cikin Ramalan yakan komo 'yan makonni bayan Salla. Akwai kuma wata asara da sikeli ba ya nunawa. Abin da ke zubewa lokacin ramewa ba kitse ne kaɗai ba, har da tsoka, amma abin da ke komowa kitse ya fi yawa a ciki, musamman ga tsofaffi da marasa motsa jiki.

Saboda haka likitoci suka koma kallon ƙiba yadda suke kallon hawan jini. Babu mai zargin maganin hawan jini da cewa jabu ne don jini ya hau bayan an daina sha. Sai dai a nan akwai wuya ta fuska biyu. Tsofaffin ƙwayoyi irin su fentamin ba a amince da su don sha na shekaru ba, suna sa faɗuwar gaba da rashin barci da bushewar baki, suna iya ta da hawan jini, an kuma hana su ga mai ciwon zuciya da mai ciki. Sababbin allurai an amince da yinsu na dogon lokaci, amma suna da tsada ƙwarai, ana ajiye su cikin firji, suna kuma kawo tashin zuciya da amai da gudawa ko taurin bayan gida, wani lokaci da tsakuwa a matsarmama. Macen da ke neman haihuwa tilas ta daina semagulutaid wata biyu kafin ɗaukar ciki. Watau da yawa daga masu farawa za su daina, ko don kuɗi, ko don laulayin maganin, ko don ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ranar da likita ya ɗauki alƙalami ya kamata mara lafiya ya tambaye shi tsawon lokacin da za a yi ana maganin, da abin da zai ci na kuɗi a shekara, da kuma shirin da aka yi wa ranar dainawa. Likitan da ya rubuta magani bai yi wannan magana ba, rabin aikinsa ya yi.

Abin da ya fi taimako bayan dainawa shi ne abin da aka saba da shi tun ana kan magani. A Kofanhegan ta ƙasar Denmak an raba mutanen da suka rame gida-gida, wasu aka yi musu allurar liragulutaid kaɗai, wasu aka haɗa musu allurar da motsa jiki a ƙarƙashin mai koyarwa, har shekara guda, sa'an nan aka tsai da komai. Da aka sake auna su bayan wata shekarar, kamar yadda aka buga cikin 2024, waɗanda suka haɗa da motsa jiki sun fi na allura kaɗai sauƙin nauyi da kimanin kilo 5. Har ila yau akwai wata rajista da Rena Wing da James Hill suka buɗe a Amurka cikin 1994, ta mutanen da suka zubar da aƙalla kilo 13 da rabi suka kuma riƙe haka shekara guda ko fiye. Galibinsu suna motsa jiki kimanin awa guda kullum, yawanci da tafiya a ƙasa, suna karya kumallo, suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi da minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Manomi da mai faskare da mai tura kura sun riga sun biya wannan bashi. Ma'aikacin ofis wanda mota ke ɗauka daga ƙofar gida zuwa ƙofar ma'aikata, da matar da ke wuni a ɗaki, su ne sai sun keɓe masa lokaci.

Game da abinci, watannin da magani ya danne yunwa su ne damar canza hannu, domin a lokacin canjin ba ya da zafi. A rage malmalar tuwo da tulin shinkafa, a ƙara wake da kifi da ƙwai da miyar ganye, zogale ko rama ko alayyafo, domin su ne ke daɗewa a ciki, su kuma tsare tsoka. A lura da sukarin da ake zubawa a shayi da koko da fura. Kwalbar lemo guda takan ƙunshi sukari cokalin shayi takwas ko tara, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa baligi a yini ba ta wuce kimanin cokali 12 ba. Wanda ya ga kilo 2 ya ƙaru a sikeli bayan dainawa, ya koma wurin likita a lokacin, kada kunya ta sa ya jira sai sun zama 10. Ko da rabi ya komo, ragowar ba banza ba ce. A wani babban gwaji da aka buga a Amurka cikin 2002, mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100.

Akwai kashedi ga wanda ƙiba ta komo masa ya ji haushi ya nufi kasuwa, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Hukumar magunguna ta Amurka ta sha gano sibutiramin, wanda aka janye tun 2010, a ɓoye cikin shayin rage tumbi da ƙwayoyin da aka rubuta wa cewa na tsirrai ne zalla. Cikin watan Yuni 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun Ozempic da aka kama a Burazil da Ingila da Amurka. A ƙasar nan hukumar NAFDAC, wadda aka kafa cikin 1993, ita ke yi wa magunguna rajista, lambarta kuma tana kan kwali. A duba lambar, a sayi magani a kantin da ke da mai haɗa magani na gaskiya, da takardar likita a hannu. Wanda ya riga ya sha wani abu na kasuwa, ya ji zuciyarsa na bugawa da sauri, ko kansa na sarawa, ko barci ya ƙaurace masa, ya tsai da shi nan take, ya tafi asibiti mafi kusa tare da kwalin a hannunsa don likita ya ga abin da aka sha.