Burushi, Alƙalami da Haruffan Kwamfuta



Wanda ya taɓa zuwa Dutsen Habude ko Dutsen Mesa, nan cikin Birnin Kudu, ya ga shanun da mutanen dā suka zana a jikin dutse. Ashe mun daɗe muna shafa launi a bango don na baya ya gani. Jikokinsu su ne masu fentin da ke rubuta allunan shaguna daga nan har kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, da masu yi wa gingimari ado.

Ku lura da hannun irin wannan mutum. In ya danna burushi, harafi ya yi kauri. In ya sassauta, ya sirance. In fenti ya kusa ƙarewa, wutsiyar harafin ta fito da zara-zara. Wannan ne wani Ba'amurke, Robert E. Smith, ya kwaikwaya a 1942, ya fitar da salon haruffan da ake kira Brush Script. Yau salon yana cikin kwamfutocin masu buga mana katin biki da fostar siyasa.

Yana da wurinsa. Sunan ango da amarya, sunan shagon ɗinki, kalma biyu ko uku, zai yi musu kyau. Amma a jera sanarwa sukutum da shi, ko a rubuta shi da manyan baƙaƙe zalla? Mai babur da ke wucewa ba zai tsinci komai ba. Kuma mai fenti ba ya yin "a" biyu iri ɗaya, ita kuwa kwamfuta kullum tagwaye take haifa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙugiya. Yawancin irin waɗannan salo ba su san ɓ, ɗ da ƙ ba. Sai mai ɗori ya biya kuɗinsa a buga masa "maganin ƙashi", ƙugiyar ta faɗi a hanya. Na ga kuna dariya, ba sai na ƙarasa ba. Mai burushi kuwa, lanƙwasa ɗaya zai yi, magana ta daidaita.

Alhali muna da namu hannun. Alaramma ya fere alƙalamin kara, ya tsoma a tawada, ya zuba baƙi mai kauri na Warshu, wasali da ja. Irinsa ne marigayi Sharif Bala Gabari ya shahara da shi a Kano. Ƙungiyar SIL ma ta ɗauki wannan rubutun Kano ta mayar da shi haruffan kwamfuta, ta sa masa suna Alkalami, kuma kyauta ake sauke shi.

Don haka ɗalibanmu masu ilimin kwamfuta, ku je ku durƙusa gaban alarammomi da masu fentin garin nan tun suna raye, ku ɗauki hoton hannunsu da izininsu, ku ƙera mana haruffan boko masu ƙugiya.