TSADAR MAI DA TALLAFIN GWAMNATI GA MASU SANA'A: JAWABI A TARON DATTAWA



An ce in yi magana a kan taimakon gaggawa da gwamnati ta tsara wa masu sana'a saboda tsadar mai. Kun tuna ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Lita da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai naira 617 a watan Yuli. A ranar 31 ga wannan wata ya yi wa ƙasa jawabi, ya yi alkawarin rancen naira biliyan 75 ga manyan masana'antu 75, da naira biliyan 125 ga ƙananan sana'o'i. Daga ciki, biliyan 50 kyauta ce, naira 50,000 ga kowane mutum, mutum miliyan ɗaya a ƙananan hukumomi 774. Sauran biliyan 75 rance ne, da ruwa kashi 9 cikin 100 a shekara.

To, mu yi lissafi irin na kasuwa. Naira 50,000 a farashin 617 lita 81 ce. A ce gwauruwa mai injin niƙa tana ƙona lita 4 a rana, kwana 20 ke nan. Kafin a fara biyan kuɗin a 2024 mai ya ƙara hawa, a watan Oktoba na shekarar kuwa ya haura naira 1,000, kyautar ba ta kai lita 50 ba. Ban raina ba, wanda ya samu ya gode. Amma kada mai walda ko mai aski ya ɗora rayuwar gidansa a kanta.

Abin da ya fi damuna shi ne takardu. Ta intanet aka cika fom, aka nemi lambar NIN da BVN, mai neman rance kuma ta Bankin Masana'antu ya bi, da rajistar sana'arsa. Membobinmu na ƙauye, nawa ne suke da waɗannan? Mun saba cewa an ware mu don mu 'yan tsiraru ne, wani lokaci gaskiya ne, amma sunan da ya sha bamban tsakanin katin ɗan ƙasa da asusun banki ba aikin maƙiyi ba ne. Sunan baftisma a nan, sunan gida a can, kwamfuta kuwa ba ta san mutum ɗaya ba ne.

Na biyu, kyauta daban, rance daban. Rance zai sayi sabon inji ko farantin hasken rana, abin da zai rage kashe kuɗin mai. Wanda ya ci shi ya zuba a janareto, mai ya ƙone, bashi yana nan yana jiransa. Kuma duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya sa sunanku, ɗan damfara ne, ko da bencinku ɗaya a majami'a.

Saboda haka ina roƙon kowane sakataren ikkilisiya ya rubuta sunayen masu sana'a da abin da ya rage musu na takardu. Matasa biyu masu iya waya su zauna da su bayan sujada ranar Lahadi. A kawo rahoto a taronmu na gaba.