Ɗanɗana Ganyen Kafin Ka Zuba Sukari

 Gaisuwa ga makiyayin da ke mashekari, da direban da ya kwana a layi yana jiran a ɗaga shinge, da ɗan kasuwar da ya kwance kaya a rumfa.  Yaya dabbobi, yaya kasuwa? Allah ya sa albarka a cikin nema.

Hirarmu ta yau a kan abin da na tabbata yana cikin jakarka take, ko kuma yana kan garwashi a gabanka yanzu haka: shayi. Ba na 'yar jakar takarda mai zare nake nufi ba. Ina nufin na ganye, wanda ake ɗiba da finjali a zuba a buta, a zauna a jira shi.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Wani hunturu ina zaune a rumfar mai goro a wata kasuwar kan iyaka, sai ga wani dattijo Bafulatani ya zo sayen ganye a teburin da ke kusa da mu. Ya ce a buɗe masa kwali. Ya ɗebi kaɗan a tafin hannu, ya hura masa numfashi, ya sunsuna, ya mayar. Ya ce, "Ɗana, wannan ya kwana da fetur." Yaron ya ce, "Haba Baba, jiya jiya aka sauke shi." Dattijon ya ce, "Ban ce tsoho ba ne. Na ce ya kwana da fetur." Da aka bi magana, ashe mota ɗaya ce ta ɗauko katan ɗin shayin da jarkokin mai. Tun safe samari ke sayen ganyen nan, wasu har sun dafa sun sha, babu wanda ya ce uffan. Me ya sa? Sukari. Sukari yana rufa wa mugun ganye asiri. In ka zuba shi da yawa, ko ciyawa ka dafa za ka ce ta yi daɗi.

To ɗan'uwa, abin da nake so ka riƙe ke nan yau. Kullum kana kashe kuɗinka a kan ganye da sukari da gawayi. Lissafa na wata guda ka gani. Abin da kake saye kullum ya cancanci ka san shi kamar yadda ka san saniya mai lafiya tun daga nesa.

Da farko, daga ina yake zuwa? Koren shayi da baƙin shayi duk itace ɗaya ne. Bambancin yana wajen sarrafawa. Shi kore, da an tsinko ganyen ake ba shi zafi nan take, don kada launinsa ya juya. Shi kuwa baƙi, wanda mutanen Chadi da Sudan ke kira ja, ana murza ganyen a bar iska ta shige shi har ya yi duhu, sannan a busar. Koren da muke dafawa sau uku daga ƙasar Sin yake zuwa, ta jirgin ruwa zuwa tasoshi irin su Kwatano da Lome, sannan manyan motoci su hauro da shi. Baƙin kuwa ana noma shi a nahiyarmu. Kenya na cikin manyan masu fitar da shi a duniya. A nan kusa ma akwai gonakinsa a Kakara da ke tsaunin Mambila a jihar Taraba, da kuma Ndu a Kamaru, domin shayi yana son tudu mai sanyi da ruwan sama.

Al'adar dafa kore da sukari kuwa daga arewa ta gangaro mana. Ta yi ƙarfi a Maroko cikin ƙarni na 19, ayarin raƙuma suka ratso Sahara da ganyen tare da dunƙulen sukari, Larabawa da Buzaye suka karɓa, mu ma muka koya daga gare su. Shi ya sa 'yan'uwanmu na zango a Gana suke ce masa ataya, daga sunan da mutanen Maroko ke kiransa, mu kuma muka ɗauki shayi daga Larabci.

In ka duba kwali da kyau za ka ga lambobi. Waɗanda aka rubuta wa 41022 ko 4011 ko 9371, dangin da ake kira Chunmee ne, ganye siriri mai ɗan lanƙwasa. Sinawa da kansu da gashin gira suke kwatanta shi. Wanda aka rubuta wa 3505 shi ne mai dunƙule-dunƙule kamar ƙananan ƙwayoyi, wanda Turawa suka kamanta da albarushi. Lambar tana nuna irin ganyen da matakinsa. Amma fa lamba tawada ce, kowa yana iya bugawa. Hancinka da harshenka su ne alƙalai.

Ga yadda za ka gwada, ba ka buƙatar komai sai finjali da ruwan zafi.

Na ɗaya, kalle shi a tafin hannu cikin haske. Ganye mai kyau girmansa kusan ɗaya ne, a naɗe yake tsaf. In ka ga ƙarare da yawa, ko gari ya taru a gindin kwali, an cakuɗa shi da ƙarshen buhu.

Na biyu, yi irin ta dattijon nan. Hura masa numfashi ka sunsuna. Ɗumin numfashi yana tayar da ƙamshi. Sabon ganye yana da ƙamshi kamar na ciyawar da aka yanka ta bushe a inuwa, wani lokaci da ɗan alamar hayaƙi. In ka ji warin ruma, ko sabulu, ko mai, ko kuma ba ka ji komai ba sam, ajiye shi.

Na uku, murza kaɗan tsakanin yatsu. Busasshe yana karyewa ƙaras. In ya yi laushi yana lanƙwasawa, danshi ya shige shi.

Na huɗu, kuma shi ne babba: tafasa ruwa, sauke shi ya huce na ɗan lokaci, zuba a kan ɗan tsunkule a finjali, jira kamar minti 3. Kada ka sa sukari. Kurɓa kaɗan, ka juya shi a baki kafin ka haɗiye. Ɗaci zai zo, wannan dole ne. Abin lura shi ne me ya biyo bayan ɗacin. Ganye mai kyau, ɗacinsa yana wucewa ya bar ɗan gardi a maƙogwaro, bakinka ya yi wasai. Mugun ganye, baurinsa yana maƙalewa a harshe kamar ka tauni ɗanyen goro. Sannan duba ganyen da ya jiƙa. In ya buɗe ka ga siffar ganye sosai, madalla. In ya zama tabo, ka san abin da aka sayar maka.

Mai saye ya yi wannan gwaji kafin ya ɗauki katan. Kai kuma mai sayarwa, ka yi shi kafin ka biya dillali, domin araha ba ta ado, kuma makiyayin da ya kai mugun ganye daji, tafiyar kwana biyu daga kasuwa, ba zai manta fuskarka ba.

Sai ajiya. Ganyen shayi kamar auduga yake, duk warin da ke kusa da shi sai ya kwashe. Kada ya haɗa buhu da sabulu, ko daddawa, ko busasshen kifi, ko turare, balle fetur da maganin feshin dabbobi. Sami gwangwani mai murfi ka juye shi, ka nisanta shi da rana da danshi. Da damina ka ƙara kula. Kuma ka duba kwanan watan da ke jikin kwali, domin kore ba ya son daɗewa. Gwamma ka sayi na wata ɗaya ko biyu da ka tara na shekara.

Ruwa ma yana da nasa hannun. Ka lura shayin da ka dafa a wannan rijiya ba ya zama ɗaya da na waccan? Ruwan zartsi da mai kanwa suna duhunta shayi su danne ƙamshinsa. In kana da zaɓi, ware ruwan daɗi domin buta. In na tafki ne, bar shi ya kwanta, tace da tsumma mai tsabta, sannan ya tafasa sosai. Jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari kuwa, ko an wanke ta sau goma, ba ta ruwan sha ba ce.

Yanzu mu zo kan dahuwa. Ba zan koya maka dafa shayi ba, wataƙila ka fi ni hannu. Tunatarwa ce kawai. Ɗauraye ganyen da ɗan ruwan zafi ka zubar, ƙurar hanya ta fita. Garwashi ya fi harshen wuta, domin shayi ba ya son gaggawa. Ɗaga buta sama da ake yi ana tsiyayawa, ana mayarwa, ana sake tsiyayawa, ba don burge mutane kaɗai ba ne: yana narkar da sukari, yana rage zafi, yana kawo kumfa. Buzaye suna cewa na farko ɗaci kamar mutuwa, na biyu sassauci kamar rayuwa, na uku zaƙi kamar ƙauna, ko da yake kowane yanki da yadda yake jera maganar. Na'ana'a ta fi dacewa da na biyu da na uku. Citta da kanumfari da kirfa kuwa sun fi shiri da baƙin shayi, musamman wanda za a sa wa madara. In madarar yanzu aka tatso ta, a tafasa ta tukuna.

To amma abin daɗi ma yana da iyaka, kamar yadda ƙasa take da iyaka. Ga abubuwa biyar.

Sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 na sukari a yini, wato wajen ƙaramin cokali 12, kuma in ya tsaya a rabin haka ya fi. Ƙirga abin da ke shiga butarka safe da rana da dare. Ciwon sukari da ciwon haƙori ba sa tambayar ko kai ɗan birni ne ko ɗan daji. Ga albishir: ganye mai kyau ba ya buƙatar sukari da yawa. Rage kaɗan kaɗan, cikin 'yan makonni harshenka zai saba, har ka fara jin ɗanɗanon da da ba ka ji.

Jini. Shayi mai ƙarfi yana rage wa jiki samun sinadarin ƙarfe daga abinci irin su gero da wake da ganyaye, kuma wannan sinadari shi ke gina jini. Saboda haka a ba da tazarar kamar awa ɗaya tsakanin cin abinci da shan shayi, musamman ga mace mai juna biyu da mai shayarwa. Yara ƙanana kuma kada a ba su na farko.

Barci. A cikin shayi akwai kafeyin, irin wanda ke cikin goro, kuma yana ɗaukar awoyi kafin ya bar jiki. Direba, shayi yana ɗage barci ne kawai, ba ya biyan bashinsa. In ido ya yi nauyi, faka ka kwanta.

Gawayi. Lokacin sanyi kada ka shiga da garwashi ɗaki ko cikin mota ka rufe ko'ina. Yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya yi barci bai farka ba. Bar ƙofa a buɗe, in an gama a fitar da wutar waje.

Na ƙarshe, ƙwaya. Mun san ana jefa tramol a cikin shayi da sunan ƙarin ƙarfi. Ƙarfin aro ne, ƙarshensa jijjiga kamar farfaɗiya, da kamuwa da ba a fita cikinta da sauƙi. Wanda kuma ya jefa ta a butar jama'a ba tare da sun sani ba, ya ci amana. Manya, ku sa ido a kan butar samarinku.

Duk wannan bayani domin abu guda ne: shayi ya ci gaba da zama hutu a gare ka. Ka tuna ranar Alhamis a karar Maigatari, an wuni cikin ƙura ana ciniki, mai saniya ya ce albarka, dillali ya rantse, rai ya ɓaci. Sai wani ya hura gawayi. Kafin a kai finjali na uku, muryoyi sun sauka, an sallama. Ka tuna dare a mashekari, shanu sun kwanta suna tuƙa, baƙo ya yi sallama daga duhu, ba ka jin yarensa, ba ya jin naka, amma ka miƙa masa finjali ya karɓa da hannun dama. A wannan zama ake jin inda aka yi ruwa, da burtalin da aka toshe, da yadda canjin naira da sefa ya kwana. Wanda ya sha na farko ya miƙe, bai ji labarin ba.

Saboda haka gobe da safe, bayan ka idar da salla ka hura wuta, yi mini abu ɗaya. Kafin sukari ya shiga buta, tsiyayi ɗan kaɗan a finjali ka kurɓa. In ya yi maka, ka riƙe mai sayar maka da kyau. In bai yi ba, ranar kasuwa ka je da hancinka.

Allah ya ba dabbobi lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.